Kakar Wasu Ƙasashe: Ansel Adams da Gaskiyar Hoton Tsauni

Akwai wani hoto da kusan kowa ya sani a garuruwan ƙasar nan, ko da bai taɓa tsayawa ya dube shi da kyau ba. Yana rataye a shagon tela, yana kan kalanda a ofishin darakta, yanzu kuma ya koma fuskar wayar hannu: dogon tsauni mai farin kai, tafki a gindinsa, itatuwa sun rine da ja da ruwan ɗorawa. Ba mutum, ba dabba, ba gona. Idan aka tambayi ɗan lakwal wane lokaci ne wannan, sai ya kawo kalmar da ya hardace a littafin Faransanci. In aka ce ya faɗa da Hausa, ya ce kaka. A ƙamus amsar daidai ce. Sai dai kakar Bahaushe lokacin girbi ce, hatsi ya nuna, ana ɗaurin dami, rumbu na cika, daji cike da mutane. Kakar da ke cikin hoton kuwa lokacin zubar ganye ce, sallamar shekara kafin dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa. Suna ɗaya, abu biyu.

Wannan irin hoto yana da tarihi, yana da gwanaye, yana kuma da abin da yake ɓoyewa. Wanda ya fi kowa kafa masa ƙa'ida shi ne Ba'amurke Ansel Adams, wanda aka haifa a San Faransisko a 1902, ya rasu a 1984. Duba aikinsa na kaka hanya ce ta yin tambayar da ta shafi kowane malami a zamanin da hotuna suka fi rubutu yawa a hannun yara: shin hoton ƙasa shaida ne, ko kuwa kirari ne?

Abin da kaka ke yi wa tsauni

Kafin a yi hukunci a kan gwani, ya kamata a san irin wuyar aikinsa. A ƙasashen sanyi, idan yini ya fara gajarta, itace yakan daina ƙera sinadarin nan kore da ganye ke kama hasken rana da shi. Koren na gushewa sai rawayar da dama can take ƙarƙashinsa ta bayyana. Ja kuwa sabon rini ne da wasu itatuwa ke haɗawa idan rana ta yi haske, dare ya yi sanyi. Da yake sanyi yana ƙaruwa da kimanin digiri 6 da rabi a kowace mita 1000 da aka hau, launin yakan fara daga saman tsauni ya riƙa gangarowa mako bayan mako. Lokacin da ya kai ƙarshen kyau ba ya wuce ƴan kwanaki, kuma iskar dare guda tana iya kakkaɓe shi.

Haske ma haka. Da kaka rana ba ta hawa tsakiyar sama, tana bugun dutse ne ta gefe, sai kowane tsagi da kowane tudu ya fito da inuwarsa. Daren da sama ta yi garau ƙasa takan huce da sauri, iska mai sanyi ta gangara kwari, a wayi gari hazo ya kwanta kamar tafki, ƙololuwa kawai ke leƙowa. Tsauni kuma yana tilasta wa iska hawa, ta yi sanyi, ta haifi gajimare. Don haka a awa guda ana iya ganin rana, da yayyafi, da dusar ƙanƙara, da bakan gizo. Idon ɗan Adam yana saba wa wannan sauyi ba tare da mai shi ya sani ba. Fim ba ya iya haka. In aka auna hasken don sama, ƙasa ta yi baƙi ƙirin. In aka auna don ƙasa, sama ta ƙone ta zama farar takarda. Na'urar auna haske kuma duk abin da aka nuna mata so take ta mai da shi ruwan toka, shi ya sa dusar ƙanƙara takan fito da dauɗa a hoton wanda bai ƙware ba.

Wajen 1940 Adams da abokin aikinsa Fred Archer suka tsara dabarar magance wannan. Suka raba haske hawa 11, daga sifiri, wato baƙin da ba a ganin kome a cikinsa, zuwa goma, farin da ba shi da zane. Kowane hawa ninki biyu ne na wanda ke ƙasansa. Mai ɗaukar hoto yakan yanke shawara tun kafin ya latsa: inuwar nan a hawa na nawa za ta zauna, gajimaren can a na nawa. Sauran aikin sai a ƙarasa shi wajen wanki, a tsawaita ko a gajarta. Ma'anar wannan ita ce, hoton yana cikin kan mai shi tun bai shiga kyamara ba. Adams ya fara da koyon kiɗan piyano, ya kuma sha kwatanta fim da rubutaccen kiɗa, takardar da aka wanke kuma da ranar da aka kaɗa shi. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan kwatanci, domin a cikinsa ƙarfin mutumin yake, a cikinsa kuma abin tuhumarsa yake.

Minti guda a Hernandez

Ranar 1 ga Nuwamba 1941, Adams yana dawowa daga kwarin Chama a jihar Niyu Meziko tare da ɗansa Michael mai shekara 8 da amininsa Cedric Wright, bayan yinin da bai samu abin kirki ba. Rana na gab da faɗuwa sai ya hangi wani ƙaramin ƙauye a gefen hanya: coci na ƙasa, ƴan gidaje, maƙabarta mai fararen gicciye, can baya tsaunukan Sangre de Cristo da dusar farko a kansu, dogayen gajimare sun miƙe, wata da ya kusa cika yana tasowa. Ya tsai da mota, aka sauke babbar kyamararsa mai cin fim na santimita 20 da 25. Aka nemi ma'aunin haske aka rasa. Sai ya tuna adadin hasken wata, wanda ya riga ya sani da ka, ya yi lissafi a kansa, ya buɗe idon kyamara na sakan guda. Kafin ya juya fim don ɗaukar na biyu, rana ta janye daga kan gicciyen, suka dushe. Hoton da ya sa wa suna Moonrise, Hernandez, wato fitowar wata a Hernandez, ɗauka ɗaya ce tak.

Ana yawan ba da wannan labari a matsayin sa'a. Hausawa kuwa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mutum dubu za su bi hanyar nan su ga watan. Wanda ya san nauyin haskensa a ka, ya kuma iya kafa kyamara mai ƙafa uku cikin ƙiftawar ido, shi ya yi shekara ashirin yana shiri. Masu karatun Faransanci sun san Henri Cartier-Bresson da littafinsa na 1952, da ra'ayinsa cewa akwai daƙiƙa guda da al'amari ke cika a cikinta. An saba jingina wannan ga hoton titi da na mutane. Hernandez ya nuna cewa tsauni ma, duk da zamansa wuri ɗaya, yana da tasa daƙiƙar.

Sai dai labarin bai ƙare a bakin hanya ba. Fim ɗin ya fito da wuyar wankewa, har a 1948 Adams ya sake jiƙa ɓangarensa na ƙasa da wani magani don ƙara masa ƙarfi. Ya wanke hoton fiye da sau 1300 a rayuwarsa, kuma wanda ya jera su zai ga abin mamaki. A na farko-farko sama ruwan toka ce, da ƴan gizagizai a warwatse sama da watan, kamar kowane maraice. A na shekarun 1970 sama ta koma baƙa wuluk, gizagizan sun nutse, wata ya zama kamar ƙwayar azurfa a kan baƙin zane. Wanda ya ga na ƙarshe zai rantse da dare aka ɗauka. Adams kansa bai riƙe ranar ba, ya sha ba da shekaru daban-daban. Masana taurari ne suka warware: daga tsayin watan a kan tsaunuka, Dennis di Cicco ya fitar da cewa ƙarfe 4 da minti 49 na yamma ne. Ke nan wata ya faɗi gaskiyar lokaci, sama kuwa ta faɗi abin da mai hoton yake so.

Shin wannan ƙarya ce? Ba a kama Adams da ɓoyewa ba; ya bayyana dabarunsa dalla-dalla a littattafansa, har da wanda ya fitar a 1983 a kan yadda ya yi hotuna 40. Bai ƙara wata ba, bai matsar da dutse ba. Abin da ya yi shi ne abin da makaɗi ke yi da tsohuwar waƙa, ya ja nan, ya sassauta can. Amma mai kallo da aka rene shi a kan cewa gani ya kori ji yana da haƙƙin a gaya masa cewa abin da yake gani an riga an yi masa fassara.

Kaka ba tare da launi ba

Gwajin da ya fi wannan tsanani shi ne hotunan itatuwan aspen da ya ɗauka a arewacin Niyu Meziko da kakar 1958. Aspen siririn itace ne mai farin jiki, ganyensa kan koma ruwan zinariya. Duk wanda ya tsaya gabansa launin ne ke kama shi, Adams kuwa da baƙi da fari yake aiki. Me ya rage na kaka idan an cire launi?

Amsarsa tana cikin sanin cewa inuwar daji shuɗin sama ne ke haskaka ta. Ya sa gilashin tace haske mai ruwan ɗorawa a gaban idon kyamara, wanda ke barin rawaya ta wuce, yana tare shuɗi. Sai ganyen ya yi haske kamar an kunna shi, zurfin dajin ya koma duhu, fararen itatuwa suka jeru a tsakani kamar zaren saƙa. Mutane da yawa sun ɗauka da farin wata aka yi shi. A nan Adams ya fi kowane lokaci gaskiya, domin bai yi da'awar nuna launin da ido ya gani ba; abin da ya kama shi ne halin lokacin, haske na ƙarshe kafin duhu ya ci shi. Ƙaramin itace ɗaya da ke gaba, wanda bai zubar da ganye ba tukuna, ya isa ya ɗauki ma'anar kaka gaba ɗaya. Wannan hoto ne aka sa a bangon littafin This Is the American Earth na 1960, wanda ya yi tare da marubuciya Nancy Newhall don ƙungiyar kare muhalli ta Sierra Club.

Abin da aka share

A nan ne hukunci ke yin nauyi. Hotunan Adams sun yi aiki a duniya. Littafinsa na 1938 a kan tsaunukan Sierra Nevada yana cikin abin da ya taimaka aka keɓe Kings Canyon a matsayin gandun ƙasa a 1940, kuma ya yi shekara 37 a majalisar gudanarwar Sierra Club. Dazuzzuka da yawa da ke tsaye yau suna cikin alherinsa. Amma hoton da ya yi wannan aiki ya yi shi ne da wata ƙa'ida: ƙasa mai kyau ita ce wadda ba kowa a cikinta.

Kwarin Yosemiti a Kalifoniya, inda ya fara zuwa a 1916 da ƴar ƙaramar kyamara, inda kuma ya zauna shekaru masu yawa, ba kufai ba ne. Mutanen Ahwahnichi sun rayu a wurin tun kafin zuwan Turawa, su ne ma suke sa wa fadamunsa wuta lokaci-lokaci don kada daji ya cinye su. A 1851 wata rundunar sa kai ta kore su da bindiga. Waɗanda suka dawo sun ci gaba da zama a wani ɗan ƙauye cikin kwarin har 1969, lokacin da aka rushe shi. Wannan duk a zamanin Adams ne, kusa da gidansa, amma mashahuran hotunansa na kwarin suna nuna shi kamar safiyar da aka halicci duniya. Haka nan otel-otel da motoci da dubban baƙi, duk suna bayan kyamara. A wani hotonsa na hunturun 1944 daga garin Lone Pine, akwai manyan haruffa biyu da ɗaliban garin suka zana da farar ƙasa a jikin tudu. Ya share su daga hoton, ya kuma faɗa da bakinsa cewa ya share.

Adalci ya wajabta a ƙara da cewa mutumin bai rufe ido ga mutane ba. Da kakar 1943 ya fara zuwa Manzanar, sansanin da gwamnatin Amurka ta tsare ƴan asalin Japan fiye da 10,000 lokacin yaƙin duniya na biyu, ya ɗauki fuskokinsu da aikinsu, ya fitar da littafi a 1944 a lokacin da yin haka ba ya jawo farin jini. Duk da haka hoton da duniya ta fi riƙewa daga wurin shi ne na tsaunin Williamson, da duwatsu a gaba da hasken hadari a baya, ba waya mai ƙaya, ba ɗan tsare ko ɗaya. Laifin na mai hoto ne ko na masu saye? Kowanne yana da kasonsa.

Wannan ne ya sa Hernandez ya fi sauran. A cikinsa akwai gidajen talakawa masu magana da Sifaniyanci, akwai wurin ibadarsu, akwai kaburburan iyayensu. Tsauni da wata suna da girma a hoton ne saboda akwai ƙaramin abu mai mutuwa a gabansu. A ranar da gaggawa ta hana shi zaɓe, ya bar mutane a cikin ƙasarsu, sai ya samu hotonsa mafi ɗorewa.

Magada

Waɗanda suka biyo baya sun rabu. Eliot Porter, likitan da ya bar aikinsa don hoto, ya kawo launi, ya kuma sauko da ido daga ƙololuwa zuwa ganyen da ya faɗa cikin ruwa. Ya fi son rana mai lullumi, domin a hasken da ba shi da kaifi launin jiƙaƙƙen ganye ya fi fitowa. Littafinsa na 1962 ya nuna cewa kaka ba ta bukatar tsawa. Galen Rowell, mahayin duwatsu da ya rasu a haɗarin jirgin sama a 2002, ya ɗauki ƙaramar kyamara ya riƙa bin haske da gudu, musamman jan da ke sauka a kan ƙololuwa kafin fitowar rana da bayan faɗuwarta; yana amfani da gilashi mai rabin duhu don rage wa sama ƙarfi. Wasu kuma suka yi tawaye: baje kolin New Topographics na 1975 a Rochester ya nuna tsaunuka da unguwanni da wuraren ajiye motoci a gindinsu, wato abin da Adams ke juya wa baya.

Kasuwa dai ta ɗauki mafi sauƙi. Daga 1990, fim ɗin Velvia na kamfanin Fujifilm, mai ƙara wa launi ƙarfi, ya zama abin yayi. Kwamfuta ta zo ta ƙara gishiri. Tun 2020 manhajar Photoshop tana iya cire sama ta sa wata da latsawa ɗaya. Hoton kalandar shagon tela jikan wannan ne. Ya gaji faɗin Adams da rashin mutanensa, bai gaji haƙurinsa ba.

Wani abu da ya faru a 2005 ya isa misali. Masana taurari na wata jami'a a Tekzas suka gano cewa hotonsa na watan kaka daga Glacier Point an ɗauke shi ne ranar 15 ga Satumba 1948, kuma da yake wata yana komawa matsayinsa duk shekara 19, zai sake tsayawa daidai wurin ranar 15 ga Satumba 2005. Masu kyamara suka yi cincirindo a kan dutsen. Lissafi ya ba su wata, ya ba su minti. Gajimaren 1948 kuwa ba lissafin da zai dawo da shi, kuma shi ne rabin hoton.

Abin da ya rage wa mai kallo

Hukuncin da ya dace da Adams shi ne na babban maroƙi. Ya san abin da yake wasawa, ya yi shekaru yana koyon sunayensa, bai ƙaga masa abin da ba shi da shi ba, amma ya zaɓi abin da zai faɗa, ya yi shiru a kan sauran. Ba a zargin maroƙi don bai zama alƙali ba. Wanda ake zargi shi ne mai sauraron da ya ɗauki kirari a matsayin shari'a. Malamin da ya ɗora irin wannan hoto gaban aji yana iya yin tambayoyi huɗu da suka fi hardar sunan lokaci amfani: daga ina haske ya fito, ƙarfe nawa ne, me aka yi wa hoton bayan ɗauka, wa aka bari a waje?

Tambayar ƙarshe ta shafi ƙasar nan kai tsaye. Gwanayen hoto na Afirka ta Yamma, irin su Seydou Keïta da Malick Sidibé a Bamako, da Philippe Koudjina a Yamai, fuskar mutum suka sa gaba. Hoton ƙasa galibi baƙi aka bar wa. Shi ya sa tsaunukan Abzin, da Bagzan mai tsayin mita 2022, waɗanda wani yankinsu ya shiga jerin kayan gadon duniya na UNESCO a 1991, an fi saninsu ta idon mai yawon buɗe ido: dutse da rairayi da shiru. Alhali akwai lambunan Timiya, akwai makiyaya, akwai koramun da ke cika bayan ruwan Agusta. Akwai kuma haske irin na nan da littattafan waje ba su koyar da shi ba: hadarin ƙarshen damina a kan duwatsun Adar, hazon hunturu da ke mai da rana farar tasa a kan duwatsun Damagaram, gawo da ke tofo lokacin da sauran itatuwa ke shirin zubarwa. Matashin da zai ɗauki waɗannan yana da abin koyo wurin Adams, wato sanin haske da jiran lokacinsa. Inda zai rabu da shi kuwa kalmar kanta ta riga ta nuna masa: a Hausa, kaka ba ta cika sai da mai ɗauke da dami a cikinta.